Ciyawar da Yallaɓai Ya Sayo

Mutum na farko da na taɓa gani ya sayi ciyawa ba don ya ba dabba ba, maƙwabcinmu ne a cikin garin Gaya. Ma'aikacin gwamnati ne da ya daɗe a Abuja, ya yi ritaya ya dawo gida. Tun yana aiki ake ce masa Yallaɓai a unguwa, har sunan ya danne na yanka. Mutumin kirki ne, ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba, kuma suna ko jana'iza duk da shi ake yi. Abu ɗaya ne kawai, ya dawo da wasu ra'ayoyi a kan yadda ya kamata gida ya kasance.

Kafin ya tattaro ya dawo sai da ya sa aka rushe gidan da ya gada. Gidan ƙasa ne mai ƙaton zaure, inda mahaifinsa ya yi shekaru yana awon gyaɗa. Aka gina na bulo can ciki, aka bar fili a gaba, daidai inda zauren da farfajiyar farko suke a da. Mun zaci shaguna zai yi, domin duk mai fili a bakin hanya abin da yake yi ke nan. Sai muka ga ya kewaye wurin da gajeriyar katanga mai ƙarafuna a sama, irin wadda mai wucewa zai ga ciki ba tare da ya yi ɗage ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Ajingi. Da safe in hau babur in tafi, bayan azahar in dawo. Da damina, a wannan hanya, hagu da dama ba abin da kake gani sai mutane a sunkuye cikin gyaɗa da gero, wasu da fartanya, wasu goye da injin feshi, kowa ciyawa yake yaƙa. Idan noman farko ya kama, rabin ajina ma ba ya zuwa. To daga cikin wannan na fito wata rana, na iso ƙofar gida, na tarar da a-kori-kura ana sauke ciyawa. An yanko ta falle-falle da ƙasarta, ana ɗaukarta da hannu biyu kamar ana sauke tangaran. Yallaɓai yana tsaye yana cewa a bi a hankali kada ta wahala.

Tsallaken hanya, daura da gidansa, akwai zauren Malam, wani tsoho mai karantar da manya littattafai bayan asuba. A ƙofar zauren akwai dakali da inuwar darbejiya, a nan muke zama bayan la'asar. Babba a majalisar bayan Malam shi ne Baffa, ƙanin mahaifina. Manomi ne tun tasowarsa, kuma ya san Yallaɓai tun yana yawo ba wando, don haka shi kaɗai ne ba ya kiransa da wannan suna.

Baffa ya tashi ya tsallaka, ya dafa katanga, ya daɗe yana kallon ana shimfiɗa ciyawar.

"Ɗan nan, me za ka kiwata?"

"Ba kiwo ba ne, Baffa. Ado ne."

"Tana fure ke nan."

"A'a, haka take, kore kawai."

"Ana miya da ita?"

Yallaɓai ya yi dariya ya ce ba a ci. Ya ce idan ta kama sai a riƙa aske ta da inji, mutum ya fito da kujera da yamma ya zauna, idonsa ya huta.

"Kuma saye ka yi."

"Saye na yi, Baffa."

"To, Allah ya sa albarka."

Baffa ya dawo ya zauna. Da Malam ya tambaye shi me aka ce masa, ya gyara hularsa ya ce, "Allah gafarta Malam, boko ne."

Gaskiya ciyawar ta kama, kuma ta yi kyau. Ban taɓa ganin kore mai tsari irin wannan ba sai a talabijin. Da rani ya shigo, komai na garin ya bushe, ita kaɗai ta rage. Yallaɓai yana da rijiyar burtsatse mai sola, ya fitar da famfo waje don mutanen unguwa, saboda haka ba wanda ya isa ya yi ƙorafi. Mata da yara suna layi da jarkoki, shi kuma yana ciki riƙe da tiyo yana shayar da ciyawarsa safe da yamma. Awakin unguwa su zo su jeru a jikin ƙarafunan suna kallo. Baffa ya ce bai taɓa tausayin akuya ba sai a wannan shekarar.

Da damina ta zagayo sai baƙi suka fara isowa, ciyayin da ba wanda ya gayyata. Jiji ce ta fara leƙowa, siririya, ka cire ta yau gobe ta dawo da 'yan'uwanta. Sai tsidau ya miƙe a gefen ƙofa. Kashin yawo ya biyo baya, har ya kama gefen rigar Yallaɓai ranar wata Juma'a ya bi shi masallaci. Tafasa ta fito a dunƙule a kusurwa ɗaya, zaki-banza a wata. Can ƙasa kuwa kirikiri yana ta saƙa ba wanda ya lura da shi sai da ya ci kusan rabin filin. Maganin feshi ba ya yiwuwa, domin bai san wadda aka sayo da wadda ta zo da kanta ba. Yallaɓai, wanda ya bar noma tun yana ɗan sakandare, ya koma tsugunne da 'yar wuƙa yana cira ɗaya bayan ɗaya, yana tarawa a bakin katanga.

Matata ce ta ba ni labarin inda tarin yake tafiya. Ta ce Hajiyar gidan takan jira ya shiga wanka, ta fito ta tsince tafasar da zaki-banzan, sauran ta watsa wa awaki. Da rana a kawo masa kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli, ya ci yana cewa abin da ya yi kewa a Abuja ke nan, yana tambayar a wace kasuwa ake samun mai taushi haka.

Mu a majalisa wannan fili ya zame mana abin hira. Kowa ya zama masani. A yi gardama a kan ko tsidau da ƙarangiya wanne ya fi mugunta, a yi gardama a kan ko iska ce ta kawo irin ko kuwa yana nan kwance a ƙasa tun da. Baffa yana kan cewa yana nan. Ya ce ƙasar gidan da aka zauna shekara da shekaru ba ta rasa iri.

Wata la'asar bayan an kwana biyu ba a yi ruwa ba, sai muka ga wani abu. Ciyawar da aka sayo ta yi rawaya a kan wani layi miƙaƙƙe, ya tafi, ya karya kwana, ya sake karyawa, har ya haɗe. Yallaɓai ya fito yana dubawa, yana cewa wata cuta ce ta kama ta. Baffa ya ɗauki sandarsa ya tsallaka, wannan karon har ciki ya shiga, mu kuma muka bi shi.

"Ba cuta ba ce," in ji Baffa. Ya bi layin da sanda. "Bangon zauren mahaifinka ne. Da aka rushe ba a tone tushen ba, an baje ne kawai aka zuba yashi a kai. Ƙasar nan an tattake ta da ƙafa, saiwa ba ta huda ta. Ga ƙofar waje nan. Ga ta ciki can, a karkace, don wanda yake zaune kada ya hango mata."

Yallaɓai ya tsaya a tsakiyar layin yana juyawa. Baffa ya nuna tafasa ya ce nan ne turken jakai, shi ya sa take murna. Ya nuna zaki-banza ya ce nan ake zubar da toka. Malam, wanda ya tako a hankali yana dafe da kafaɗata, ya ce a'a, toka a bayan gida ake zubarwa, nan rumbu ne. Suka yi ta ja, kowa yana kafa hujja da mutanen da duk sun rasu.

Akwai wata kusurwa da ciyawa ta fi ko'ina duhu da laushi, ko da rani ba ta canzawa. A nan Yallaɓai yake ajiye kujerarsa da tebur ɗin shayi. Ya nuna wurin da alfahari ya ce, "To nan fa, Baffa? Nan ce kawai ba ta taɓa ba ni wahala ba."

Baffa ya dubi Malam, Malam ya dubi sama. A wannan kam ba su yi saɓani ba.

"Allah gafarta Malam, kai ne babba," in ji Baffa.

Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Wuri ne da duk mutanen gidan suke ziyarta, babba da yaro, kowace safiya."

Washegari kujerar ta koma baranda.

Na zaci Yallaɓai zai ji haushi, kuma da farko ya ɗan ji. Amma daga wannan rana sai ya fara tsallakowa majalisa. Da can gaisuwa kawai yake yi daga tsaye. Yanzu sai ya zo ya tattare riga ya zauna a dakali, ya ce a ba shi labarin gidan. Ya bar gari yana yaro, makarantar kwana ta ɗauke shi, daga nan aiki, don haka abin da ya sani kaɗan ne. Baffa da Malam kuwa abin da suke jira ke nan.

Suka ce ƙasar da aka gina zauren daga kududdufin bayan masallaci aka haƙo ta, wanda yanzu leda ta cike shi har an fara yanka filaye a bakinsa. A kwaɓa ta da ciyawa, a tattaka, a bar ta ta ruɓa, sannan a mulmula tubali a shanya. Azarar rufin, wato tsagin giginya, daga wajen Ajingi aka jawo ta da shanu. A nan gardama ta sake tashi. Baffa ya ce maginan daga birnin Kano aka ɗauko su, domin irin wannan rufi na ɗaurin guga, wanda ake lanƙwaso azara daga bango huɗu su haɗu a tsakiya, sai 'yan birni. Malam ya ce wannan magana ba ta dace da bakin mutumin Gaya ba. Ya ce Kanon ma ai maƙeranmu ne suka je suka sare ta, to yaushe za mu je can aron magini? Baffa ya ce maƙeri daban, magini daban. Aka yi sati ana wannan.

Yallaɓai ba ya shiga gardamar. Shi abin da yake dawo masa daban ne. Ya ce yana tuna lokacin zafi, idan ya shigo daga makaranta ƙafarsa na ƙuna, ya faɗa zauren nan kamar ya faɗa randa. Yana tuna warin makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da shi kafin damina. Yana tuna mahaifinsa a kan buzu, buhunan gyaɗa jingine har rufi, da jemagun da suke fita da magariba. Wata rana yana cikin ba da labarin sai ya dubi gidansa na bulo a tsallake, ya ce, "Ko hoto ban ɗauka ba."

Sai majalisa ta koma makokin ginin ƙasa. Kowa ya yarda mutanen da sun fi mu hankali, gidajensu da sanyi lokacin zafi, da ɗumi lokacin sanyi. Duk masu wannan magana kuwa, in ban da Malam, ko dai a gidan bulo suke kwana, ko kuma suna da bulo jibge a tsakar gida suna jiran kaka su ƙara. Baffa, wanda ya fi kowa zafi a kan siminti, shi ne ya fara rushe nasa ɗakin a duk danginmu.

A cikin wannan damina wani tsohon abokin aikin Yallaɓai ya kawo masa ziyara daga Abuja. Da za su fito rakiya baƙon ya tsaya a filin, ya sunkuya ya shafa kirikirin da Yallaɓai ya gaji da cira, ya kira shi da wani sunan Turanci da na kasa riƙewa. Ya ce irin wadda ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo ce, ba ta tsoron rana ba ta tsoron takawa, ya tambayi a ina ya samo. Yallaɓai ya ce a nan gida. Daga ranar bai ƙara cire ko tsinke ɗaya ba, har ya koma kiran kirikiri da wancan suna. Baffa ya ce in har haka ne, shi gonarsa ta hanyar Ajingi filin ƙwallo ce bai sani ba.

Da hankalinsa ya kwanta a kan ciyawa, sai ya maida shi kan zauren Malam, domin shi ne na ƙasa na ƙarshe a layinmu. Tsohon gini ne, bangonsa ya zaizaye daga ƙasa, indararonsa ɗaya ya faɗi, amma a ciki rufin yana nan yadda aka ɗaure shi, a sama kuma da zankwaye, 'yan tsinin nan da ake yi a kusurwar soro. Yallaɓai ya ce a Abuja akwai wuraren cin abinci da ake kwaikwayon irin wannan gini da siminti da fenti, Turawa suna zuwa suna ɗaukar hoto, mu ga na gaske a gabanmu muna kallo yana narkewa. Ya ce shi zai ɗauki nauyin gyara shi yadda yake tun asali, ba siminti ko cokali ɗaya. Ya ce da ni, "Malam ƙarami, kai da kake bin ƙauyuka, samo mana magini."

Na san wani, kakan wata ɗalibata ne a wajen Gafasa, an ce da ƙuruciyarsa har garuruwa ake ɗaukarsa. Ranar Asabar muka tafi a motar Yallaɓai. Muka same shi a inuwa a ƙofar gida, 'ya'yansa na gefe suna buga bulo, domin sana'arsu ke nan yanzu. Gidan nasa ma na bulo ne, da fenti shuɗi.

Yallaɓai ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa dogon bayani a kan gadon kakanni da yadda muke sakaci da shi. Tsohon ya saurara da ladabi. Ya ce zai iya, in dai za a samo masa giginya, don waɗanda ya sani duk an sare, sannan a samo samarin da za su yarda su shiga kwaɓi da ƙafa, don nasa ba za su shiga ba. Ya ce shi kansa bayansa ya hana shi hawa tsani, sai dai ya zauna a ƙasa yana nuni. Daga nan ya gyara zama, fuskarsa ta saki, ya ce ya ji labarin gidan Yallaɓai, an ce har banɗaki tayil ne. Ya tambayi a ina ake samun mai ƙarko, kuma da gaske ne yana da santsi idan ya jiƙe? Sauran zaman duk a kan tayil aka yi shi.

Duk da haka Yallaɓai bai haƙura ba. Ya ce ko daga ina ne zai nemo azara. A nan ne Baffa ya tuna masa cewa har yanzu ba wanda ya tambayi mai zauren.

Bayan la'asar Yallaɓai ya zauna gaban Malam ya shimfiɗa masa shirin duka. Malam ya yi godiya, ya sa masa albarka, ya yi addu'a ga mahaifansa. Sannan ya ce, "Tunda Allah ya sa ka yi niyyar alheri, ni rufin kwano nake so."

"Allah gafarta Malam, kwano zai ɓata shi. Wannan zaure tarihi ne."

"Na sani. A cikinsa na tashi, kuma ni nake kwashe littattafai duk lokacin da hadari ya haɗu. Shekara nawa ina hawa yaɓe, yanzu sai na roƙi mai hawa. Kai ka rushe naka kana kwana a bushe, ni kuma in zauna in riƙe muku tarihi yana ɗigo mini a ka."

Ya faɗi haka ne ba da faɗa ba, yana murza carbinsa. Yallaɓai ya ce to a bar masa alfarma ɗaya, kada a taɓa rufin ciki, a ɗora kwanon a samansa. Malam ya ce wannan ba damuwa, shi dai kada ruwa ya same shi.

Haka aka yi. Kafinta ya zo ya ce ba yadda za a yi katako ya zauna sai an sauke zankwayen. Yallaɓai yana tsaye aka buge su da guduma. Ɗaya ya faɗo bai farfashe ba, Yallaɓai ya sunkuya ya ɗauke shi da hannu biyu, ya tsallaka da shi gida. Ya ajiye shi a gefen baranda a kan wani ɗan benci, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa ya yi masa bayani.

Ruwan farko da aka yi bayan rufin, Malam ya ce bai san an yi ba sai da ya ga laka da asuba. Ya ƙara sa wa Yallaɓai albarka a gaban jama'a, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana cewa amin a hankali.

Zankon ya yi 'yan makonni a barandar. Wata rana Yallaɓai ya tafi Kano ganin likitan ido, aka yi ruwa da iska mai feshi, ya jiƙe ya zube ya zama tulin jar ƙasa. Hajiya ta fito ta share ta wanke wurin tas. Da ya dawo ya tambaya, ta ce ita ta zaci gara ce ta yi gini.